Sawun da Na Share a Bayan Siton Lolo

Duk saurayin da ya zo wurina neman aikin gadi a yanzu, abin da yake fara tambaya shi ne ko wurin yana da kyamara. In na ce akwai, sai in ga hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka ya samu kujera da talabijin da albashi a ƙarshen wata. Wani ma ya taɓa ce mini gadin zamani ai kallo ne kawai. Ban yi masa faɗa ba. Ni da na girme shi da shekara arba'in na taɓa yin irin wannan tunani, kuma wani bawan Allah ne ya kwana a ciki, ba ni ba. Saboda shi nake rubuta wannan.

Sunana Usman, amma daga Bagudo har Lolo Baba Kwatano ake kirana, don na daɗe a can. Na yi gadi a Malanbil da Faraku da Kwatano a ƙasar Binin, na yi a Yamai, na yi a Legas, na yi shekara biyu a Kamba kafin in dawo gida. Ina jin Dendanci da Zabarmanci da Fulatanci, ina jin Faransanci har in yi ciniki da shi in yi faɗa da shi, Yarabancina kuma ya isa in sayi abinci in nemi hanya. Ba don alfahari na lissafa ba. Harsunan nan suna da hannu a abin da ya faru.

Aikina na farko a wani siton gishiri da goro ne a Malanbil, ƙarƙashin wani tsoho Bazabarme da ake kira Baba Hamani. Na zo ina tsammanin zai ba ni adda ko kwari da baka. Sai ya miƙo mini tsintsiya. Ya sa na share ƙasa kewaye da katanga, faɗin kamu huɗu, ina tafiya da baya ina jan tsintsiyar don in goge sawuna. Inda ƙasa ta yi tauri ya sa na ɗebo yashi daga bakin kogi na zuba. Da gari ya waye ya riƙe ni a wuyan riga muka zaga, yana nuna mini abin da aka rubuta mana. Ga sawun akuya. Ga na yaro da ya zo fitsari. Ga na mace da kaya a ka, takunta gajeru. Ga na namijin da ya zo ya tsaya wuri guda ya daɗe, sawunsa sun hau kan juna suna fuskantar ƙofa, kuma ba fitsari ya kawo shi ba. Ya ce wannan zai dawo. Ya dawo bayan kwana uku, ya same mu muna jiransa.

Kayan aikinmu biyar ne a lokacin: tsintsiya, tocila, usur, gora, da buta. Tocila ba a barin ta a kunne, domin mai kunna tocila yana gaya wa ɓarawo inda yake tsaye. Usur na kiran maƙwabta ne, kuma wanda ya busa shi sau biyu a banza, na uku ba mai fitowa. Gora kuwa, a duk shekarun da na yi, macizai da karnuka ta fi bugu. Mutum ɗaya na taɓa duka da ita, shi ma daga baya na gane mahaukaci ne.

A tashar jiragen ruwa ta Kwatano na ga gadin takarda. Komai sai an rubuta, mota ta shiga an rubuta, ta fita an rubuta, kuma kaya na iya ɓacewa takarda tana nan daidai. A Yamai na zauna da Buzaye masu gadi da shayi, waɗanda ba sa zagaye ko sau ɗaya amma sun san tarin kowane mutum a layin. A Legas na ga katanga mai kwalabe da kare mai cin abincin da ya fi nawa. Can ne kuma na koyi wata dabara wadda da ban koya ba ya fi mini. In maigadi yana so ya ɗan fita, sai ya cika buhu da tsumma, ya zaunar da shi a kujera, ya sa masa riga da hula, ya juya bayansa ga titi, ya bar rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. Mai wucewa ya ga mutum zaune. Baba Hamani ya san dabarar tun kafin in san ta, kuma tun a Malanbil ya hana ni. Ya ce ɓarawon kirki zai tsaya ya ga ko mutumin naka yana korar ƙuda. Na riƙe maganar shekaru, sa'an nan na sake ta.

Siton da na yi gadi da na dawo gida yana gefen garin Lolo, a kan hanyar da ta taho daga Bagudo. Mai shi, Alhaji Mamman, a Bagudo yake zaune, sai ranar kasuwa ko bayan mako biyu yake leƙowa. Ana ajiye shinkafa da taki da albasa. Da damina kuma, idan ruwa ya cinye fadama, manoman rani sukan kawo injinan ban ruwansu a ajiye musu a ƙaramin ɗakin baya har ruwa ya ja. Duk cikin masu ajiya ba waɗanda suka fi su naci. Mai buhu ɗari na shinkafa zai ajiye ya tafi abinsa, amma mai inji ɗaya sai ya ɗaura masa jan ƙyalle, ya zo kowane mako ya duba shi. Akwai wani Malam Dantani, manomin albasa, wanda yakan zo ya shafa injinsa, ya ja igiyar a hankali ya ji ko ta saki, ya gaishe ni, ya koma ya sake gaida injin.

Mu biyu ne masu gadi. Ni da rana, Saini da dare. Saini Badendi ne daga Dole Kaina, da can matuƙin jirgin ruwa, har wani jirgi ya matse masa ƙafar hagu a bakin gaɓa ta warke a karkace. Da gefen ƙafar yake takawa yana ɗan ja, don haka sawunsa ko yaro zai gane: ɗaya cikakke, ɗaya kamar an ja lauje a yashi. Ni na kawo shi aikin. Yana da wata rigar ruwa rawaya ta ma'aikatan jirgi da malafa mai jar fata a tsakiya, waɗanda duk Lolo an san nasa ne. Yakan ce ni na zaga duniya na dawo da harsuna shida da wando ɗaya. Ni kuma in ce masa shi kaɗai ne maigadin da ɓarawo zai tsere wa da tafiyar ƙasaita. Sai ya ce ai shi ba ya bin ɓarawo, jiransa yake a bakin ruwa, tun da duk ɓarawon Lolo can zai ƙare.

Ranar da aka kawo kyamara, Alhaji ya zo da wani mai haɗa sola, Sande, ɗan kudu ne amma a Kamba ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Kyamara huɗu ya kawo, da faifan sola biyu, da batir, da akwatin da ke ajiye hoto, da talabijin da aka kafa a rumfarmu ta bakin ƙofa. Sande mutum ne mai tambaya. Kafin ya huda bango ko ɗaya sai da ya zaga da ni ya ce in nuna masa inda ni zan bi in da ni ne ɓarawo. Na ji daɗin tambayar, na nuna masa. Kyamara ɗaya ta kalli titi, ɗaya ta kalli babbar ƙofar sito, ɗaya ta leƙa ƙofar ɗakin injina daga sama, ɗaya ta kalli katangar gabas. Ya so ya juya ta farkon yadda za ta haɗa da rumfarmu da 'yar ƙaramar ƙofar da ke bayanta. Na ce a'a, mutum ba ya so a riƙa kallonsa yana cin tuwo yana sosa baya. Ya yi dariya ya bari. Ya gargaɗe ni da abu biyu. Ya ce in hadari ya rufe rana batir yakan yi sanyi, hoton ya riƙa tsalle. Ya kuma ce: "Baba, wannan abin ba ya ihu, ba ya bin kowa. Yana gani ne ya ajiye maka. In ba ka nan, sai dai ya ba ka labari."

Gaskiya kyamarar ta yi mana aiki, ba zan ci amanarta ba. Ita ta nuna mana masu lodin da ke huda buhu da ƙarfe suna tara shinkafa a aljihun wando. Ita ta raba gardamar wani direba da ya rantse bai goge katanga da motarsa ba. Da zafin rana ina zaune a inuwa ina ganin kusurwa huɗu a lokaci guda, abin da ko Baba Hamani bai taɓa iyawa ba. A hankali zagayena ya ragu. Sharar da nake yi kullum ta koma ta bayan kwana uku, ta koma ta ranar da na tuna. Saini ne bai daina ba. Kowace yamma in ya karɓi aiki sai ya ɗauki tsintsiya ya ja ƙafarsa ya zaga, ni kuma ina yi masa ba'a wai yana yi wa talabijin kishi.

Ranar kasuwar Lolo mutane kan ƙetaro daga Binin da Nijar, kuma akwai fataken da ba sa jin Hausa ko Dendanci sosai, sai Faransanci. Irin waɗannan suna neman tafinta, kuma sun san ni. Ba abin da ake ba ni ne ya fi ja na ba. Daɗin da nake ji ne in tsaya tsakanin mutum biyu magana ta bi ta bakina, jama'a su taru suna cewa tsohon nan ba harshen da ba ya ji. Da ba na zuwa sai in na samu wanda zai zauna mini. Bayan an sa kyamara na fara satar jiki, rabin sa'a, sa'a guda, in ce wa raina ai ana gani.

A shekarar da nake kira mummunar shekara, ruwa ya yi yawa, ɗakin baya ya cika da injina. Wata ranar kasuwa da hantsi aka aiko wani Bafataken Faraku yana nemana a kan cinikin albasa. Alhaji bai zo ba ran nan. Saini ya tafi ɗakinsa na haya cikin gari yana barci, ya bar rigar ruwansa da malafarsa a ƙusa, domin da safe garin garau yake. Na ɗauko buhu na cusa masa tsumma, na zaunar a kujera, na sa masa rawayar riga, na kifa malafa, na kunna rediyo. Sai na tsaya tunani a kan makullai. In na tafi da su a ƙugu suna ƙara, duk wanda ya gan ni a kasuwa ya san sito ba kowa. Sai na ga wayo ne in zuba su a aljihun rigar. Na fita ta ƙaramar ƙofa, wadda na san kyamara ba ta gani, na jawo ta na maƙale da waya.

Cinikin ya ja. Hadari ya taso daga gabas, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, na fake a rumfar masu gishiri har bayan azahar. Da na dawo na tarar da ƙaramar ƙofa a buɗe. Buhun yana ƙasa. Rigar tana kan kujera sharkaf da ruwa, malafar a kanta, makullan a aljihu yadda na bar su. Rediyo yana ta magana.

Ban duba talabijin da farko ba. Ƙafata ce ta kai ni bayan sito, tsohon sabo. Ƙarƙashin bakin kwano akwai yashin da Saini ya share jiya, ruwa bai doke shi sosai ba, ya dai jiƙa yadda sawu ke fita sarai. Mutum ɗaya ne, da takalmin roba, ƙafafunsa biyu lafiyayyu, takunsa dogaye. Sau uku ya je katanga dunduniyarsa na nutsewa don nauyi, sau uku ya dawo da sauƙi. A bayan katanga wani ya tsaya yana karɓa, ga shatin tayar baro ta nufi kogi. Inji uku suka tafi, har da mai jan ƙyallen Malam Dantani. An mayar da kwaɗo an kulle.

Sai na koma rumfa na mayar da hoton baya yadda Sande ya koya mini. Ga shi nan. Ruwa na zuba a fuskar kyamara, hoton na tsalle, amma rigar rawaya ce, malafar mai jar fata ce, kan mutumin a sunkuye. Duk wanda ya gani zai ce Saini.

Na zauna na yi lissafin da ba na so in tuna. In baƙo ne ya shigo, dole a tambaye ni yadda baƙo ya ɗauki riga da makulli a gabana. In ɗan gida ne, ba mai tambayata komai. Na ɗauki tsintsiya na koma baya. Na share sawun nan tas, ina tafiya da baya kamar yadda Baba Hamani ya koya mini, na ɗebo busasshen yashi a ɗakin taki na watsa a kai. Na zazzage buhun na mayar da tsumman inda suke. Sa'an nan na kira Alhaji a waya.

Washegari aka taru a rumfar: Alhaji, da Sande, da masu injinan uku, da mai unguwa, da Saini. Aka tambaye ni inda nake lokacin. Na ce ruwa ne ya kore ni cikin sito, na yi sallar azahar a can, ƙarar kwano ta hana ni jin komai, makullai kuma suna rataye a ƙusa. Da salla na rufe ƙaryata, a gaban mai unguwa. Aka kunna hoton sau uku. Sande ne kaɗai ya ja da baya. Ya ce shi riga ya gani da hula, bai ga fuska ba, kuma da irin wannan tsallen hoto ba a iya gane tafiyar mutum. Alhaji ya ce to wa ke da rigar, wa kuma ya san ƙusar makulli. Saini ya ce barci yake, ba wanda ya gan shi, domin iyalinsa suna Dole Kaina. Sai ya juyo gare ni, ya bar Hausa ya yi mini Dendanci, don maganar ta tsaya tsakaninmu.

"Baba, kai ka san tafiyata. Shekaranjiya na share bayan nan. Ka je ka duba ƙasa ka gaya musu."

Na amsa masa da Hausa, don kowa ya ji. "Ruwa ya wanke ƙasa, Saini. Ni dai abin da inji ya nuna shi na gani."

 Mai unguwa ya roƙa kada a kai maganar gaba tun da ba a kama Saini da kaya ba. Alhaji ya sallame shi a wurin, ya ce rigar ma ta zauna shaida. Malam Dantani bai zagi kowa ba, ya dai tsaya a ƙofar ɗakin baya yana kallon inda injinsa yake da.

Ba a ga injinan ba har yau, ba a kuma san wanda ya ɗauka ba. Ruwa ya ja, aka shiga noman rani. Na riƙa wucewa ta fadama ina ganin Malam Dantani yana ban ruwa da bokiti, ya rage gonarsa ta koma kamar shimfiɗar tabarma uku. Alhaji kuwa ya ƙara yarda da ni. Ya ƙaro kyamara biyu, yana gaya wa mutane a Bagudo cewa inji ya kama masa ɓarawon cikin gida. Ni ke gyaɗa kai. Na daina fita lokacin aiki, na koma shara kullum, kamar hakan zai gyara wani abu.

Aikin tafinta na ƙarshe da na yi a bakin ruwan Lolo ne, ranar hutuna, wata biyar bayan satar. Bafataken nan na Faraku zai yi lodin kaya a jirgi, ya kira ni in daidaita shi da mai jirgin. Saini na zaune a ƙarshen jirgin yana kwarfe ruwa da gwangwani, aikin da ya samu ke nan. Wani ya raɗa wa Bafataken wani abu. Sai ya juyo ya ce mini da Faransanci in gaya wa mai jirgi ba zai sa buhu ko ɗaya ba sai an sauke ɓarawon can mai karkatacciyar ƙafa. Aikin tafinta shi ne ya faɗi abin da aka faɗa. Na sassauta, na ce da Dendanci baƙon yana so a rage mutane a jirgi. Amma Saini ya yi shekaru a ruwa tsakanin ƙasa uku, ya san kalmar ɓarawo a Faransanci. Ya ajiye gwangwanin, ya sauko, ya ratsa ta gabana. Ya ce mini a hankali: "Ka fassara daidai mana, Baba. Ai ka iya." Ya hau gaɓa yana jan ƙafa, na bi sawunsa da ido a kan laka.

Bayan kwana biyu na shiga jirgi na ƙetara Dole Kaina. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran tarun kamun kifi na wani. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi lafiyar Sande. Na gaya masa komai, buhun da makullin da tsintsiyar. Bai daina ɗinkin ba. Ya ce ya sani. Mako guda bayan an kore shi wani ɗan uwansa matuƙi ya gaya masa ya gan ni a rumfar masu gishiri ran nan ina fake wa ruwa. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce wanda aka riga aka kira ɓarawo, in ya tashi ya ce tsohon da ya kawo shi aiki maƙaryaci ne, wa zai saurare shi. Ya ce kuma ya so ya ga ko zan zo da ƙafata. Na roƙe shi gafara. Sai a lokacin ya ɗago.

"A nan kake neman gafara, inda ba mai ji sai ni da kaji? Inda ka faɗi waccan, can za ka faɗi wagga. Mutanen da suka ji ta farko su za su ji ta biyu, kada a rage ko ɗaya."

Na yi kwana shida ina tara su. Alhaji ya ɗauka ƙarin albashi zan nema. Da suka zauna a rumfar, Saini na tsaye a bakin ƙofa bai shigo ba, na ɗauko buhu na cusa tsumma a gabansu, na zaunar a kujera, na ciro rawayar rigar daga inda aka ajiye ta na sa masa, na kifa malafa, na zuba makullai a aljihu. Na ga ya fi sauƙi in nuna da in faɗa. Sa'an nan na faɗa, har da sallar da ban yi ba a sito. Mai unguwa ya yi salati ya sunkuyar da kai. Alhaji ya tambaye ni shekaruna, na gaya masa, ya ce to in ajiye makullai a kan tebur. Malam Dantani ne ya tashi ya je ƙofa ya kama hannun Saini da hannu biyu. Ya ce wata biyar yana sauya hanya in ya hango shi, ya yafe masa. Ni bai kalle ni ba, kuma har ya rasu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Alhaji ya ce Saini ya dawo aiki, rana ko dare, wanda ya zaɓa. Saini ya ce ya gode, rigarsa kawai ya zo karɓa. Ya cire ta daga jikin buhun, ya kakkaɓe, ya ɗauki malafarsa. Da zai tafi bai bi ta babbar ƙofa ba. Ya zaga ta bayan sito, ta kan yashin da na share da safen nan, muna biye da shi ba wanda ya san dalili. Ya taka tun daga ƙofar ɗakin injina har katanga, ya dawo. Ya tsaya ya nuna ƙasa da haɓa: ɗaya cikakke, ɗaya kamar an ja lauje. Ya ce wa Alhaji ya duba da kyau, ko gaba za a sake nuna masa riga.

Yanzu wani ƙaramin siton ƙungiyar manoma nake gadi a Bagudo, su ne suka ɗauke ni bayan sun ji labarin daga bakina. Nan ne samari ke zuwa in koya musu aiki. Ina koya musu mayar da hoto baya, da goge ƙurar faifan sola, da gane batir in ya fara sanyi, domin wanda bai iya waɗannan ba yanzu ba maigadi ba ne. Amma ranar farko tsintsiya nake miƙa musu, kuma ba na dariya in sun ɓata fuska. Sande ne ya haɗa mana kyamarorin nan ma. Da ya zo kan ta bakin ƙofa ya tsaya a saman tsani da abin huda bango a hannu, ya dube ni. Na ce masa ya juyo da ita kan kujerata.